Ranar da Na Ɓuya a Cikin Bado

Tun bayan sallar layya tifofi suke jigilar jar ƙasa suna zubawa a kududdufin bayan garinmu. An ce wani alhaji ne ya sayi wurin, zai kafa injin casar shinkafa. To, Allah ya sanya albarka. Ai yanzu duk inda ka juya tsakanin Kura da Bunkure ƙarar inji ce da tururin shinkafa, mata na shanya a bakin titi, 'yan acaɓa na ratsawa a guje, kowa da wayar salula manne a kunne yana faɗa da wanda ba ya gani. Ni dai da hantsi nakan ɗauki buzuna in je gindin tsamiyar da ta rage in zauna ina kallo. Tifa ta zo da baya ta juye, ruwan ya ja kaɗan, kwaɗi su yi tsit, jim kaɗan su ci gaba da kukansu. Jikokina na cewa tsufa ne ya fara taɓa ni, wai me ake kallo a ƙazamin ruwa. Ban ga laifinsu ba. Sun buɗe ido sun tarar da kanal, magudanar ruwan noman rani, yana gudu rani da damina, ba su san lokacin da ruwan garin nan duka guda ɗaya ne ba.

A zamaninmu wannan kududdufi shi ne komai. Daga nan aka haƙi ƙasar da aka gina garin, damina ta zo ta cike ramin, bado ya rufe gefen gabas da ganye masu faɗin faifai, furensa fari ya buɗe da safe ya rufe in rana ta take. Mata na wanki a gefe guda, kana jin bugun kaya a kan dutse tun daga zaurenmu. Da la'asar Fulanin ruga su kawo shanu, ƙaho na karo da ƙaho, balbela na binsu tana takawa a hankali kamar mai sabon takalmi. Mu kuwa muna tsakiya, muna nutso muna tono tushen bado muna ci ɗanye. Har gobe in na rufe ido ina jin sanyin lakar a tsakanin yatsun ƙafata. Amma ba don kewar wanka nake zuwa ba. A cikin ruwan nan na yi wa ƙanena wani abu da na ɓoye shekara hamsin da ɗoriya, kuma saura ƙiris ya bar duniya ban faɗa masa ba.

Gidanmu gidan wanzamai ne tun kaka da kakanni, Baba kuma shi ne Sarkin Aska na garin. Abin da ke tashe ni kowace safiya ƙarar askarsa ce a kan fatar wasa, fyat, fyat, fyat, da ƙamshin kunun Inna. Aikina ɗebo ruwa a ƙoƙo, aikin ƙanena riƙe zabira, jakar fatar nan da kayan aski ke ciki. Baba ba ya taɓa kan mutum sai ya murza tafukansa sun yi ɗumi. In an gama, mu tattara gashin tas, ko sili ɗaya ba a bari, mu bi shi bayan gida ya haƙa rami ya binne. Haka jinin ƙaho, haka farce. Yakan ce mana, "Mutum ya miƙa muku wuyansa ya rufe ido. Abin da ya fita daga jikinsa amana ne, kada wani ya gani, kada wani ya taɓa." Kowa ya san dalili. Da gashin mutum, ko farcensa, ko ƙasar da ya yi fitsari a kai ake yi masa sammu. Shi ya sa mutanen garinmu suka fi yarda da gidanmu a kan wasu 'yan'uwansu na jini.

Wata safiya Baba ya cika ƙoƙo biyu da ruwa har baki, ya ɗora mana a tafin hannu, ya ce mu miƙe hannun mu tsaya har ya gama wasa aska. Ina da shekara goma sha ɗaya, ƙanena takwas. Ba a jima ba nawa ya fara rawa, ya ɗiga a babban yatsan ƙafata. Nasa kuwa, wallahi tallahi, sai ka ce a ƙasa aka ajiye shi. Ina ganin hoton reshen tsamiya a cikin ruwan, ko gezau. Baba ya daɗe yana kallon hannun yaron. Ni kuwa na gane zabira ta wuce ni.

Da kaka ta yi, gero ya sunkuyar da kai, sai dagaci ya aiko cewa duk gida mai 'ya'ya maza biyu zai ba da ɗaya a kai makarantar boko. Ku da kuke rububin makaranta yanzu ba za ku gane ba. A lokacin in an ɗauki yaro uwarsa kuka take kamar an yi rasuwa, ana cewa wanda ya tafi ba ya dawowa yadda yake. Ta bayan zana na ji Baba yana gaya wa Inna, "Babban zai tafi. Ƙaramin hannunsa na aska ne." Ranar da malamin makaranta da ɗan aiken dagaci za su zo, tun kafin ƙararrawar kekensu ta iso ƙofar gida na zame ta bayan danga. Ban tsaya ko'ina ba sai kududdufi. Na kutsa gefen bado har ruwa ya kai min wuya, na jawo ganye na rufe kaina, na bar hanci a waje.

Ban san yadda zan kwatanta muku wunin nan ba. Duniya ta koma kore. Rana na ratso ganyen, mazari na sauka dab da idona, ƙananan kifaye na tsattsagar ƙafata. Muryoyi na zuwa daga nesa kamar a mafarki, ana kiran sunana, a daina, a sake. Da rana ta take na ji takun mutum a bakin ruwa. Na runtse ido, na daina numfashi. Mai takun ya daɗe a tsaye, na ji ruwa ya motsa kusa da ni, sannan takun ya koma. Sai la'asar sakaliya na fito, fatar hannuna ta yamutse, jikina duk yana ƙaiƙayi, hulata kuma ta ɓace. Na tarar da Inna zaune kusa da turmi, taɓarya a ƙasa. Ba sai an gaya min ba: da ba a gan ni ba, ƙanena aka ɗora a bayan keke. Na ce gona na je korar tsuntsaye barci ya kwashe ni, ban san yau ce ranar ba. Baba bai doke ni ba. Ya dube ni, ya ce, "Gobe kai za ka riƙe zabira."

Bayan kamar wata biyu na fara ganin jini a ƙarshen fitsarina. Na tsorata na gaya wa Baba, ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce, "Af, tsargiya ce, ka fara zama namiji ke nan." Haka kowa ya ɗauka a lokacin. Yaron da bai yi jan fitsari ba har tsiya muke yi masa. Ni kaina na gaya wa iyaye da yawa haka bayan da na gaji Baba, Allah ya yafe min.

Shi kuwa ƙanena, hanyar da keken nan ya ɗauke shi ba ta tsaya ba. Daga elemantare sai midil, sai kwaleji, sai makarantar likitoci can kudu, har ya ƙetare teku ya dawo. Muna nan sai labari ya zo wai ya shiga soja, kuma aikinsa fiɗa. A duk ƙasarmu shi ne na farko da ya haɗa kaki da wuƙar tiyata. Da yaƙin basasa ya ɓarke aka tura shi bakin daga. Daga baya muka ji yadda yake aiki a cikin tanti, wani lokaci a gindin mangwaro, a kan ƙyauren da aka cire aka ɗora bisa ganguna. An ce da magani ya ƙare musu, raunuka suka fara ruɓewa, sai ya tuna da zumar da Baba ke shafa wa yankan aska. Ya sa aka nemo masa zuma ƙauye-ƙauye, yana wanke rauni yana cika shi da ita, yana rubuta yadda kowanne ya kwana, ranar farko, ta biyu, ta goma. Bayan yaƙi ya zauna ya tsara abin da ya gani, ya koya wa likitocin da suka biyo bayansa. Har ƙasashen da ake tura sojojinmu raba faɗa an kai shi.

Ba zan manta da wani soja mutumin Madobi ba. Ya yi sallama a zaurenmu wata Laraba, ya durƙusa gaban Baba, ya ɗaga rigarsa. Tabo ne tun daga ƙirji har ƙasan cibiya, a miƙe sambal. Ya ce, "Baba, ɗanka ne ya mayar min da hanjina ya ɗinke." Baba ya murza tafukansa, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, a hankali. Ya ce, "Hannun ne." Ina zaune a gefe da zabira a cinyata, sai na ji ta yi min nauyi.

Na san abin da za ku ce: ai gata na yi masa, ga shi ya zama babban mutum ni na ƙare a wanzanci. Haka nake lallashin kaina shekara da shekaru, amma zuciya ba ta karɓa ba. Ni na ci tuwon Inna har ta tsufa. Ni na zauna gefen Baba ina koyon yadda ake kama kunne, yadda ake ɗora ƙaho, ni na riƙe kansa ranar da ya cika. Ƙanena yana can wata ƙasa, wasiƙa ma sai bayan sadakar arba'in ta same shi. In ya zo ganin gida kujera ake kawo masa a zaure, ana ce masa ranka ya daɗe, a gidan ubansa. Bayan yaƙi ya yi shekaru ba ya iya cin nama. In maharba suka harba bindiga a fadama sai ka ga kafaɗarsa ta zabura. Muna gaisawa, "Yaya, ina gajiya?" "Likita, ya hanya?" Iyakarta ke nan. Duk lokacin da na buɗe baki in faɗa sai in koma tambayarsa lafiyar iyali.

Ana haka aka kawo kanal. Ruwa ya ratsa gonakinmu, rani ya zama kore, tumatir da albasa da shinkafa suka kori gero. Mutane suka sami abin hannu, ba na musu. Ni ma na yanki kadada guda ina shiga ruwa zuwa gwiwa ina dashe. Kududdufi ya zama ba a kula shi, yara suka koma tsalle daga kan kwalbati.

Shekarun baya kaɗan, lokacin da wayar salula ta fara shigowa, ƙanena ya yi ritaya yana da muƙamin kanar. Kowa ya zaci zai zauna a birni, sai ga shi ya dawo ya gina ɗaki biyu kusa da kanal. Ranar da na je yi masa barka da zuwa aka kawo shayi, na ga kofin na kaɗawa a hannunsa har yana zuba a riga. Allah sarki! Hannun nan da ya riƙe ƙoƙo. Na kawar da kai kamar ban gani ba. Daga nan kullum da hantsi sai ka gan shi da dogon takalmin roba da rariya ɗaure a sanda, yana bin bakin kanal yana tace ciyawa, yana tsintar 'yan ƙananan katantanwa yana zubawa a kwalba. Mutane suka ce yaƙi ne ya taɓa Kanar, sai yanzu abin ya fito.

Shi ya zo har zaure ya yi min bayani. Ya ce, "Yaya, jinin nan da ake cewa girma ne, tsutsa ce. A jikin katantanwar nan take girma, ta fito cikin ruwa in rana ta yi zafi, ta huda fatar mutum ta shiga. Na buɗe cikin mutanen ƙasar nan da yawa a asibiti, na tarar mafitsararsu ta taurare kamar tsohuwar fata, a lokacin da ba abin da wuƙa za ta iya. Kanal ya kai ta kowace gona yanzu." Ya ce maganinta ƙwaya ce, ana iya samowa, amma sai ya nuna wa masu bayarwa inda ciwon yake, wane reshen kanal, wace unguwa. Don haka yana son kowa ya ba shi fitsari a 'yar kwalba ya duba, ya kuma amsa tambaya biyu da zai rubuta a littafi: wane ruwa ka fara daɗewa a ciki, yaushe ka fara ganin jini. Ya ƙara da cewa amsar ƙarya ta fi shiru ɓarna, don za ta kai magani inda ba a buƙata.

Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa. Likita ya gama bayani, kwalabe na jere a kwali gabansa, ba wanda ya miƙa hannu. Can wani tsohon manomin albasa, abokin wasana ne, ya gyara murya ya ce, "Ranka ya daɗe Likita, a gafarce ni. Fitsarin mutum a kwalba, da sunansa a jiki, a ɗaki a rufe? Haba! Ko Sarkin Aska da muke miƙa wa wuya bai taɓa neman wannan ba. Amma ga shi nan zaune. In shi ya fara bayarwa, mu ma ma bayar." Ido ya dawo kaina caa. Na sunkuyar da kai na ce zan yi shawara. Ƙanena ya rufe kwalinsa, ya ce, "Yaya, ba na matsa maka."

Shawarar nan ta ci wata uku. Uwargidana ta sa ni gaba, "Malam, kai da ka yi wa rabin garin nan kaciya, 'yar kwalba ce ta gagare ka? Ko sai na riƙe maka?" Na ce ta rufa min baki. Ba ta san ba kwalbar nake gudu ba, tambayar ce. Wane ruwa ka fara daɗewa a ciki? Gonar da na ce na je korar tsuntsaye ko rijiya babu. In na faɗi gaskiya na tona kaina, in na yi ƙarya na yi masa ita sau biyu, na kuma ɓata masa aikin da ya rage masa a duniya. Sai na riƙa bin wata hanyar in zan je kasuwa. Shi kuwa yana ta tsintar katantanwarsa, rawar hannun tana ƙaruwa, kwalaben na nan fayau. Rannan na ji 'ya'yansa za su zo daga birni su tafi da shi, wai jikin ya ƙi, aikin kuma ba ya gaba. Daren nan na kasa cin tuwo.

Ranar Juma'a da safe ya aiko a kira ni in yi masa aski, don hannunsa ba ya riƙe reza. Ya ce a gindin tsamiyar bakin kududdufi yake so, inda Baba ke zama. Na shimfiɗa buzu, ya zauna ya ba ni baya. Na murza tafukana suka yi ɗumi, na jiƙa kan. Furfura ce fat. A bayan kunnensa na ga ɗan tabon da ya samu ranar da muka faɗo daga jaki. Aska na tafiya, bado na gabanmu ya buɗe fure, iska na kaɗa ganyen. Na kai rabin kai, sai na ɗaga askar.

"Likita."

"Na'am, Yaya."

"Ranar da aka zo ɗaukar 'yan makaranta, ba gona na je ba. Ga inda nake can, cikin bado. Da gangan na ɓuya. Ni aka ce a ɗauka, na sani sarai, na bari aka ɗauke ka. Zabirar nan taka ce. Baba ma naka ne na cinye ni kaɗai."

Ina kallon ƙeyarsa. Sai ya ce, "Ƙarasa min askin tukuna, Yaya. Kada ka bar ni da rabin kai ranar Juma'a."

Ban san yadda na ƙarasa ba, ido na yi min yaji, amma ko ƙwarzane ban yi masa ba. Na tattara gashin a ƙoƙo. Ya juyo, ya laluba aljihu ya ciro littafin nan, ya buɗe shafin farko da ƙyar. Shafin fari ne tas sai layi ɗaya a sama. Ya san ban iya boko ba, ya karanta min: "Lamba ɗaya, Yaya. Ruwan da ya fara daɗewa a ciki, kududdufin bayan gari, gefen bado, daga hantsi zuwa la'asar." Ya ce, "Tun ranar da na sayi littafin na rubuta. Kwalbar kawai nake jira."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Ni Baba ya aika nemanka. Hularka na fara gani a kan ganye, sannan hancinka. Leɓenka na ta rawa, idonka a runtse. Ban taɓa ganin ka ji tsoro ba sai ranar. Na shiga na ɗauke hular don kada ɗan aiken dagaci ya hango, na cusa a riga, na koma na ce ban gan ka ba."

"Ka san kai za a ɗauka?"

"Na sani. Baba ma ina jin ya gane, don wandona a jiƙe yake har cinya, ya kalla ya kau da kai." Ya rufe littafin. "Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na sha kuka a makaranta. Hular nan na sa ta har ta yage. Ranar da wasiƙar rasuwar Baba ta same ni na ji haushinka ƙwarai. Amma ba ƙwace min ka yi ba, ni na ba ka. Na so in faɗa maka tuntuni, sai na ga kana gudun maganar, ni ma na ji nauyi. Ka ga shirmen tsofaffi."

Na ce ya yafe min. Ya ce ya yafe, ni ma in yafe masa shekarun da ya bar ni ina ɗauke da abin. Muka zauna muna share ido da hannun riga, tsofaffi biyu, har wani mai tura baro ya tsaya yana tambaya ko rasuwa aka yi.

Washegari da rana tsaka na ɗauki kwalbata a tafin hannu, ban naɗe ta da komai ba, na ratsa kasuwa har ƙofar dagaci. Na ce, "Jama'a, ga tawa. Duk kwalbar da ta shiga hannun Likita, in ya gama dubawa ni zan karɓa in binne abin da ke ciki da hannuna, yadda nake binne gashinku. Wanda nasa ya ɓata ya kama ni." Manomin albasan nan ya ce, "To, in kai ne mai binnewa, magana ta ƙare. Miƙo min guda, amma babba." Aka fashe da dariya, kwali ya fara raguwa.

A ɗakinsa akwai madubin nan mai ido ɗaya da ke girmama ƙananan abubuwa. Sai an ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, hannunsa kuwa ya ƙi. Ya gwada sau uku yana zubewa. Na ce ba ni nan. Na riƙe gilashin a yatsu biyu, na ɗiga, na kai shi ƙarƙashin madubin, ɗigon bai motsa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Da Baba ya ga wannan da ya sake shawara." Ya sa na leƙa. Na ga wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, kowace da ƙaya a gindi. Ya ce ƙwan tsutsar ke nan, girman da aka ce na yi. Ya hana 'ya'yansa tafiya da shi. Rani guda muka yi muna aikin, shi ido ni hannu, da yamma in haƙa rami in binne. Littafin ya cika, ya aika da shi inda ya dace, aka kawo ƙwayoyin, ana auna tsawon mutum da sanda a ba shi. A wannan ranin muka yi hirar da ba mu yi ba tun muna yara. Damina ta biyu bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Ni na yi masa askin ƙarshe, kwana biyu kafin ya cika.

Yanzu jikokina ba su san jan fitsari a matsayin abin alfahari ba, da sun gani sai asibiti. Ba su kuma san wanzami sosai ba, shagon mai injin aski suke zuwa, gashinsu na yawo a kwata ba mai binnewa. Zabira na rataye a ƙusa. Tifofin sun cinye wurin wankin mata, sun cinye mashayar shanu, saura gefen bado, gobe ko jibi su kai. Jiya da direbobin suka tafi cin abinci na tashi na lallaba har bakin ruwan. Ban taka ba, Likita ya hana ni tun yana da rai. Na dai tsaya daidai inda nake jin ya tsaya ranar da na ɓuya, da rana tsaka, na duba. Daga nan ana ganin komai, har ƙasan ganyen.